Nazarin lamari: sayar da gidan iyaye na shekara 41 a unguwar da ake rushe gidaje ana ta da benaye

## Asalin lamarin

Gidan na wani dattijo ne mai shekara 79 da matarsa mai shekara 72. Sun shekara 41 a cikinsa. 'Ya'yansu uku ne: babbar 'yar tana zaune a gari ɗaya da su, sauran biyun, namiji da auta, suna nesa. A takarda filin murabba'in mita 600 ne. Ginin bene ne mai hawa ɗaya, ɗakunan kwana duka a sama suke, sai wani ɗaki da banɗaki da dattijon ya ƙara ta baya tun da daɗewa ba tare da ya nemi izinin gini ba. Babu bashi a kan gidan, kuma sunan dattijon kaɗai ne a takardar mallaka.

Shekara uku kafin a fara maganar sayarwa, hukumar tsara birni ta sauya ƙa'idar unguwar, ta yarda a yi gini har hawa biyar. Daga cikin gidaje 14 da ke layin, an riga an rushe huɗu. Wanda ke jikin katangarsu ta gabas yana cikinsu, kuma tun da aka haƙa masa rami mai zurfi don harsashi, bangon kicin ɗinsu ya tsage. Ga ƙura, ga ƙarar injina tun da sassafe, ruwan famfo ma ya daina hawa sama. Abin da ya sa maganar ta fito fili shi ne faɗuwar da dattijon ya yi a matakala. Bai karye ba, amma daga ranar ya koma kwana a falo.

Domin lissafi ya fito sarai, za a ɗauki tayin farko da aka yi wa gidan a matsayin 100, duk sauran kuɗaɗe a auna su da shi.

## Wata na 1: tayin da ya zo har gida

Wani mutum ya yi sallama ya ce shi mai sayen gidaje ne, zai biya 100 kuɗi hannu, ba ya buƙatar a gyara komai, amma a tashi cikin kwana 30. Ɗan ya so a sallama. Dattijon ya ce albarka, ba don kuɗin ba, don kwana 30 ɗin. Babu wanda ya tambayi mutumin me zai yi da gidan.

## Wata na 2 zuwa na 4: gyara da sa gida a kasuwa

Babbar 'yar ta kira wani dillalin gidaje da ya saba sayar wa masu iyali. Ya zagaya, ya ce in aka yi fenti, aka sauya tayil na falo, aka sabunta kicin, gidan zai kai 125. 'Ya'yan suka haɗa kuɗi suka kashe 7, aiki ya ci mako biyar, tsofaffin suna ciki ana yi. Aka cike tsagar bangon kicin da siminti aka shafe ta da fenti, babu wanda ya ɗauki hotonta kafin a rufe.

Cikin mako goma, mutum 11 suka zo kallo. Yawancinsu da sun leƙa taga suka ga benen da ke tasowa yana kallon tsakar gidan, ba su sake dawowa ba. Mutum ɗaya ya taya 104, amma da rancen banki zai saya. Mai kimanta kadara da bankin ya turo ya ƙi sa ɗakin baya a lissafi saboda ba ya cikin zanen da aka amince da shi, ya kuma rubuta cewa tsagar ta sake buɗewa. Bankin ya rage abin da zai bayar, mai sayen ya janye. Dillali ya sauko da farashi zuwa 115, shiru. Gidan da ya daɗe a kasuwa har aka rage masa kuɗi, masu saye kan ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa, sai su jira a ƙara ragewa.

## Wata na 5 zuwa na 7: yarjejeniya da mai shiga tsakani

Mutumin farko ya dawo, wannan karon da 110. Gajiya ta riga ta kama kowa, aka sa hannu ba tare da lauya ya karanta ba. Takardar shafi biyu ce, kuma abubuwa uku ne a cikinta suka ɗaure iyalin. Kafin alƙalami 1 ne kacal, kuma ana mayar masa in ya fasa. An ba shi kwana 90 ya yi bincike, a cikinsu ba su da ikon sauraron wani tayi. Sannan akwai layi guda da ya ba shi damar miƙa yarjejeniyar ga duk wanda ya ga dama.

Ashe ba shi da kuɗin sayen gidan. Takardar ya ɗauka yana yawo da ita wurin kamfanonin gine-gine, yana neman wanda zai karɓa a sama da 110 ya ci ribar da ke tsakani. A rana ta 80 ya zo da labari: safiyon (mai auna fili) da wani kamfani ya turo ya gano katangar baya ta shiga filin maƙwabci da kusan mita ɗaya da rabi a tsawon mita 20, kuma harafi ɗaya a sunan dattijon ya bambanta tsakanin takardar mallaka da katin shaidarsa. Saboda haka, in ji shi, sai dai 95. Iyalin suka ƙi, wa'adi ya cika, ya karɓi kafin alƙalaminsa ya tafi.

An yi asarar wata uku, kuma duk kamfanin da ya ga takardar ya san an taɓa sallama gidan a 110. Amma maganar katanga da ta suna gaskiya ce, kuma da ba ta fito a nan ba, da ta fito ana gab da biyan kuɗi.

## Wata na 8 da na 9: an tsaya an sake shiri

Aka cire gidan daga kasuwa gaba ɗaya. Babbar 'yar ta ɗauki mutum uku, kowanne da ladan da aka yanka tun farko, ba kaso daga kuɗin gida ba: lauya mai harkar filaye, safiyo, da mai kimanta kadara. Hikimar yanka lada ita ce kada wanda zai ba da shawara ya zama cinsa ya dogara da a sayar da sauri.

Safiyo ya tabbatar da iyaka, ya sa alamomi, ya zana taswira. Lauya ya shigar da takardar rantsuwa da neman gyaran suna a ofishin rajistar filaye, abin ya ɗauki mako shida. Ɗakin baya kuwa, shawararsa ita ce kada a ɓata kuɗi wajen nema masa izini, a dai bayyana shi a rubuce, tunda wanda zai rushe gini bai damu da izinin ɗaki guda ba.

Mai kimantawa ya kawo farashi biyu. A matsayin gidan zama, in aka gwada shi da makamantansa da masu iyali suka saya, tsakanin 98 ne da 105. A matsayin fili kuwa, lissafin daga ƙarshe ake faro shi, yadda kamfanonin gine-gine suke yi. A kan mita 600, bayan an bar tazarar da doka ta ce daga titi da maƙwabta da wurin ajiye motoci, za a iya fitar da gidaje 12 a cikin bene. In aka sayar da su duka za su kawo 900. Daga ciki a cire kuɗin rusau da gini 480, masu zane da injiniyoyi da izini 50, kuɗin ruwan rance 55, talla da la'adar sayarwa 25, sai ribar kamfani 160, wato kusan kashi 18 cikin 100 na abin da aka sayar. Abin da ya rage, 130, shi ne iyakar abin da kamfani zai iya biya ya sayi filin.

Ya kuma nuna musu yadda wannan 130 ɗin take da saurin motsi. In farashin sababbin gidajen ya sauka da kashi 5 cikin 100 kawai, 900 ta koma 855, ribar kamfani ta koma 152, kuɗin gini bai canja ba, sai filin ya faɗo zuwa 93. Fili shi ne yake ɗaukar duk wani rashi, tunda shi ne ragowar lissafi. Wannan ne dalilin da ya sa kamfani biyu za su kalli fili ɗaya tayinsu ya yi nisa da juna: kowanne da hasashensa na yadda kasuwa za ta kasance ranar da ya gama gini, da irin rancen da yake samu.

A wannan tsakanin ne aka yi abin da ba a yi ba tun farko, wato aka tambayi masu gidan abin da suke so. Lauyan ya zauna da su su biyu, babu 'ya'ya a ɗakin. Dattijon ya ce abu biyu ne: ba zai yi ƙaura sau biyu ba, daga nan sai inda zai zauna, kuma ba ya son a taɓa ginin yana ciki ko yana gani. Matarsa ta ce ita dai gida na ƙasa, kusa da asibitin da take ganin likita da gidan babbar 'yarta. Babu wanda ya ambaci farashi a cikinsu.

Saboda shekarun dattijon, lauya ya nemi likitansa ya rubuta takardar shaida cewa hankalinsa garau yake, ya fahimci abin da zai sayar da abin da zai biyo baya. Irin wannan takarda tana toshe ƙofar gardama nan gaba, ko daga mai saye ko daga cikin gida. Dattijon ya ba babbar 'yar takardar wakilci mai iyaka: ta karɓi tayi, ta yi magana da ofisoshi, amma sa hannun sayarwa nasa ne, kuma kuɗi cikin asusunsa za su faɗa. Aka kuma amince duk takardar da ta shigo a tura wa 'ya'yan uku a rana ɗaya. Kafin nan ɗan da babbar 'yar sun daina ɗaga wayar juna saboda kuɗin gyaran da ya tafi a banza.

## Yunƙurin haɗa fili da maƙwabci

Fili biyu in sun haɗe sukan fi daraja a kan kowanne shi kaɗai, domin tazarar da ke tsakaninsu ta zama wurin gini, matakala da hanyar mota guda kuma su wadatar. Aka tuntuɓi gidan yamma. Na gado ne, magada bakwai, biyu ba sa son sayarwa, ɗaya ba a san inda yake ba. Bayan mako shida aka haƙura.

Sai lauyan ya duba rajistar filaye da sanarwar neman izinin gini na layin da na bayansa. Nan aka ga cewa filin baya, wanda katangar ta shiga, wani kamfani ya saye shi wata 14 da suka wuce bai gina komai ba. Filin nasa lungu yake kallo, hanyarsa ƙunci gare ta. Gidan dattijon ne zai ba shi fita zuwa babban titi.

## Wata na 10 da na 11: tayi a rufe

Aka haɗa kundi guda: kwafin takardar mallaka da aka gyara, taswirar safiyo, ƙa'idar hawa biyar, bayanin ɗakin baya, da maganar katanga ƙarara. Ba a sa hoton kicin ko ɗaya ba, ba a kuma rubuta farashi ba. Aka aika wa kamfanoni bakwai da ke da aiki a unguwar, aka ba su kwana 21 su kawo tayi a rubuce zuwa ofishin lauya. Aka ce kowane tayi ya faɗi abu biyar: farashi, yawan kafin alƙalami da ko ana mayarwa, sharuɗɗa, shaidar kuɗi daga banki, da tsawon lokacin da masu gida za su ci gaba da zama bayan an biya. Aka kuma rubuta cewa ba a yarda a miƙa yarjejeniya ga wani ba.

Huɗu suka amsa. Na farko 118, babu sharaɗi, a tashi cikin wata biyu. Na biyu 128, kafin alƙalami kashi 10 cikin 100, wata uku. Na uku 145, amma sai ya samu izinin gini kafin ya biya, yana neman wa'adin wata 18, kafin alƙalami kashi 2. Na huɗu shi ne mai filin baya: 132, babu sharaɗi, kashi 10, wata huɗu.

An yi gardama a kan 145. Auta ta ce bai kamata a bar 13 a ƙasa ba. Lauyan ya warware musu abin da takardar take nufi: wata 18 gidan yana ɗaure, kamfanin yana da ikon fasawa in izini bai fito yadda yake so ba, ko ya dawo ya nemi ragi, kuma in Allah ya yi wa dattijon rasuwa a tsakani, sai maganar ta koma hannun magada da kotu. Dattijon da kansa ya ce a ajiye wannan. Aka koma wa na biyu da na huɗu aka ce kowa ya kawo tayinsa na ƙarshe cikin kwana biyar. Na biyu ya hau 131. Mai filin baya ya hau 136, ya ƙara zaman ya kai wata shida ba haya. Wata shidan ba su rage shi da komai ba, tunda dama zane da neman izini za su ci masa fiye da haka kafin ya kawo katafila. Katangar ma ta daina zama matsala, tunda filayen biyu za su koma hannu ɗaya.

## Wata na 12 zuwa na 17: biya, kwashe kaya, ƙaura

Aka rubuta takardu biyu, ta sayarwa da ta zama. Ta zaman ta faɗi ranar miƙa makulli, ta hana kamfanin shiga ko haƙa ko sare bishiya kafin ranar sai da izini a rubuce, ta faɗi wanda zai biya wuta da ruwa da inshora. Aka riƙe 5 a asusun lauya har sai an miƙa makulli. Ranar biya, babbar 'yar ta je ofishin lauyan kamfanin da ƙafarta ta tabbatar da lambar asusu, domin 'yan damfara kan kutsa cikin imel su sauya lamba a daidai wannan gaɓar. Tun kafin sa hannu an tambayi akanta maganar harajin riba. Ƙasashe da yawa suna sassauta shi a kan gidan da mutum yake zaune a ciki, amma sassaucin kan zo da sharuɗɗa, kuma tashi daga gidan tun kafin a sayar yana iya taɓa shi.

Da kuɗi a hannu, aka sayi gida na ƙasa mai ɗaki biyu a 80, tafiyar minti goma daga gidan babbar 'yar. Kafin su shiga aka kafa ƙarafunan dafawa a banɗaki da baranda, aka cire dakalin bakin ƙofa, aka sa tayil marar santsi, aka ƙara fitilu a hanyar banɗaki.

Kwashe kayan shekara 41 ya fi komai cin lokaci, ƙarshen mako 14 aka yi ana yi. An faro daga sito da ɗakin baya, inda kayan ba su da nauyi a zuciya, aka bar ɗakin kwana da hotuna sai ƙarshe. Ba a wuce awa uku a zama ɗaya, domin daga nan tsofaffin sun gaji, komai sai su ce a ajiye. Kowane ɗaki kashi huɗu: na tafiya sabon gida, na 'ya'ya, na kyauta, na zubarwa. An auna sabon gidan an zana shi a takarda, don haka in aka zo kan kabad ko kujera, tef ne yake raba gardama. Takardu kuwa ba a zubar da ko ɗaya ba sai mutum biyu sun duba, a cikinsu aka tsinci rasiɗan fansho da littafin wani tsohon asusu da aka manta da shi.

Sun ƙaura a wata na 16, saura mako biyar wa'adi ya cika. An jera gado da kujerar dattijon da rediyonsa yadda suke a da. Duk da haka ya yi kusan mako uku barcinsa bai daidaita ba, yana tashi da dare yana laluben matakala. Aka miƙa makulli a wata na 17, aka saki 5 ɗin da aka riƙe. Rusau ya zo bayan wata huɗu, ba a kai shi ya gani ba.

## Lissafin ƙarshe

An sayar a 136. Lauya, safiyo, mai kimantawa, akanta da kuɗin ofisoshi sun ci 5. An mayar wa 'ya'yan 7 ɗin da suka kashe a gyara. Ƙaura ta ci 2. Saura 122. Sabon gida da rajistarsa da gyare-gyarensa 84. Ragowar 38 tana asusun iyayen don magani da hidimar yau da gobe.

## Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Babban kuskuren ya faru ne tun wata na 2, lokacin da aka ɗauka gida ake sayarwa alhali fili ake nema. Alamar tana layin: gidaje huɗun da aka sayar a baya-bayan nan duk rushe su aka yi. Dillalin bai yi ƙarya ba, kasuwar da ya sani ya kai su, amma masu iyali sun riga sun daina saye a layin. Kuɗin gyara 7 sun bi ɓaraguzai. Shafe tsagar ba tare da hoto da rahoton injiniya ba kuma ya kashe damar neman diyya daga mai ginin gabas.

Yarjejeniyar wata na 5 ta fi muni, domin ta ba wani ikon riƙe gidan kyauta. Kafin alƙalamin da ake mayarwa, dogon wa'adi, da damar miƙawa ga wani, in suka haɗu a takarda ɗaya, ba ciniki aka yi ba. Kuɗin da lauya zai karɓa ya karanta shafi biyun nan bai kai komai ba a kan asarar wata uku.

Ƙarin 36 da aka samu a kan tayin farko ba daga tashin kasuwa ya zo ba. Ya zo ne daga tsabtace takardu kafin a nemi tayi, sanin lissafin mai saye, sa kamfanoni su yi takara a rana ɗaya, da gano wanda filin ya fi yi wa amfani. Akwai sa'a a ciki: da mai filin baya bai wanzu ba, da a 131 za a tsaya. Ƙin 145 daidai ne ga mai shekara 79 da ke kwana a falo. Ga mai shekara 55 da ke da inda zai zauna, ana iya karɓar irinsa in aka ɗaure shi da kafin alƙalami mai kauri da ba a mayarwa da ranar ƙarshe tsayayya.

Abu ɗaya aka bari a baya. Ba a nemi sharaɗin da zai ba masu gida ƙarin kuɗi in kamfanin ya samu izinin gina fiye da gidajen da aka yi lissafi da su ba. Da yake filaye biyu aka haɗe, da wuya adadin ya tsaya a 12 a kan rabon nan, kuma lokacin neman wannan sharaɗi shi ne zagaye na biyu na tayi, sa'ad da kamfanoni biyu suke jiran amsa.